KARE A ƘOFAR GIDA: WARIN DA KE KORARSA, DA INDA WARI BA YA AIKI

Wannan 'yar takarda an shirya ta domin masu gida da matan gida na Kufena da Wusasa, da ƙauyukan da ke kewaye da gindin dutse. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata da yara, gama su ne suka fi haɗuwa da kare a tsakar gida da bakin juji.

Kowa ya san yadda karnuka ke yawo a wannan yanki namu. Akwai na mafarauta, akwai na masu gadin gona da garke, akwai kuma waɗanda ba su da ubangiji ko kaɗan. Waɗannan na ƙarshe su kan ɓuya da rana cikin kogunan dutse da ramukan tsohuwar ganuwa, da dare su sauko cikin gari neman abinci. Su kwashe ƙwai a akurki, su sa baki cikin tukunya, su tone juji, su yi kashi inda yara ke wasa. Mutane da yawa su kan zo disfansare su tambaye mu, shin akwai wani abu mai wari da za a zuba don kare ya daina zuwa? Akwai. Amma yana da iyaka, kuma waɗansu abubuwan da mutane ke zubawa sun fi karen kansa hatsari ga yaran gida.

HANCIN KARE

Kai da ido ka ke sanin duniya, shi kare da hanci ya ke saninta. Masana sun ƙidaya 'yan ƙwayoyin da ke kama wari cikin hanci, suka sami na mutum wajen miliyan 6, na kare kuwa sun haura miliyan 200. Shi ya sa mafarauci ke sakin karensa a bayan dutse, ya bi sawun zomo a kan busasshiyar ƙasa inda kai ba ka ganin kome. Abin da ka ji ɗan warinsa kaɗan, a wurin kare ya cika wuri. To, wannan kaifin hanci shi ke jawo shi gidanka, shi ne kuma za ka kama ka kore shi da shi.

Ka lura da wannan da kyau: abin da ka ke ƙyama ba shi ne kare ke ƙyama ba. Ɗoyin mushe, da ƙarnin jini, da zarnin fitsari, da warin kashi, waɗannan duka kira ne a gare shi. Abin da ya ke gudu shi ne mai kaifi, mai yaji, mai sa hanci ya yi zogi, ko da kuwa kai a wurinka ƙamshi ne.

KA FARA KAWAR DA ABIN DA KE KIRANSA

Kafin ka nemi warin kora, ka zaga gidanka ka nemi warin kira. In ka bar ƙashi a bayan danga, sa'an nan ka zuba barkono a ƙofar zaure, wahalar banza ka yi. Kare mai yunwa zai yi atishawa sau biyu ya tsallake.

Sauran tuwo da ƙanzo da ƙasusuwa, kada a watsar da su a bayan gida da dare. Abin da kaji za su ci a ba su da rana su cinye. Abin da ya rage a tona rami a zuba, a bi shi da toka, a rufe da ƙasa. Tukwane da akussa da kwanuka a wanke su kafin a kwanta, a kife su bisa wani abu mai tsawo. Randa da tulu a rufe bakinsu da murfi mai nauyi. Faifai kurum ba ya hana kare. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ƙwaryar da kare ya sha a ciki a wanke ta sau bakwai. Mu ma'aikatan lafiya ba mu da abin ƙarawa sai sabulu.

Kashin yara shi ne babban abin da ke saba wa kare da shiga gida. Uwa ta kan ce na jariri ba kome ba ne, ta bar shi a gindin bango. Ai kare ya sani, gobe ma zai dawo daidai wannan lokaci. A kwashe shi nan da nan a zuba cikin masai, a rufe bakin masai da murfi, a riƙa zuba toka. Toka tana rage wari, tana kuma hana ƙuda.

Kaza ko akuya in ta mutu, kada a ja ta a yar a kududdufi. A binne ta da zurfi, kamar tsawon hannu biyu, a ɗora duwatsu ko ƙaya a bisa. Haka kuma mabiyiya bayan haihuwa, a binne ta da zurfi.

Ranar Babbar Salla da ranar suna a yi hattara ƙwarai. In an yanka rago ko sa, aka ga wani ƙullutu mai ruwa kamar ƙwai a jikin hanta ko huhu, mutane su kan yanke shi su jefa wa kare. Kada ka yi haka. Cikin ƙullutun nan akwai 'ya'yan wata tsutsa. In kare ya ci, tsutsar ta girma cikin hanjinsa, ƙwayayenta su fito cikin kashinsa, su hau ganye da hannun yara, su shiga cikin mutum. A jikin mutum kuwa su kan yi irin wannan jakar ruwa cikin hanta ko huhu, ta yi shekaru tana girma, wani lokaci sai da fiɗa a asibiti a ke fitar da ita. Irin wannan nama a ƙone shi, ko a binne. Jinin yanka kuma a tona masa rami tun kafin a sa wuƙa.

Sauran abu ɗaya, watau fitsarin karen kansa. Kare in ya ɗaga ƙafa a jikin bangonka, alama ya sa. Duk karen da ya zo wucewa zai sansana, shi ma ya ɗora nasa, har wurin ya zama matattara. Ka wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu, in ƙasa ce ka kankare ta ka zuba sabuwa. Sai bayan ka yi wannan ne warin kora zai yi amfani a wurin. In kuwa kana da karya a gida, ka sani lokacin da ta ke neman namiji warinta yana kiran karnuka daga nesa, kuma babu lemu ko barkonon da zai tsai da su. Sai dai ka kulle ta cikin ɗaki kamar mako uku, ko ka kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata aikin hana haihuwa.

ABUBUWAN DA KARE KE ƘI

Mafi sauƙi, kuma wanda ba ya cutar kowa, shi ne ɓawon lemu. Lemun zaƙi, lemun tsami, duk ɗaya ne. Cikin ɓawon akwai wani mai, shi ne ke fesowa ya shiga ido in ana ɓare lemu, kuma yawancin karnuka suna kau da kai daga gare shi. Ba sai ka sayi kome ba. Masu sai da lemu a bakin hanya su kan fere shi su tara ɓawon a ƙasa, in ka roƙa za su ba ka. Ka yayyanka shi ƙanana, ko ka ɗan daka shi a turmi don man ya fito, ka barbaza a ƙofar zaure, da gindin akurki, da ramin da kare ke kutsowa ta cikin danga. Ko kuwa ka tafasa ɓawon cikin ruwa, ya huce, ka yayyafa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya daɗewa. Da hunturu kwana ɗaya ko biyu ya bushe ƙayau, da damina ruwa ya wanke shi. Tilas a riƙa sabuntawa.

Na biyu barkono. Wannan ya fi ƙarfi, domin ba wari kaɗai ba ne, zafi ne ya ke sa wa cikin hanci. Ka sami dakakken barkono cikin tafin hannu, ka jiƙa shi cikin ruwa kamar galan ɗaya ya kwana, da safe ka tace da tsumma, ka yayyafa ruwan a gindin danga ta waje da kewayen akurki. Ga wani abin mamaki: zafin barkono ba ya kama tsuntsu. Kaza ta kan ci barkono ba ta ji kome ba, saboda haka ba ka cuci kajinka ba. Amma yaro yana ji. Kada ka barbaza garin barkono a tsakar gida inda jariri ke rarrafe, gama zai shafa da hannu ya kai ido. Kada kuma ka barbaza shi busasshe ranar da a ke iska, zai dawo muku cikin ɗaki, mai asma ya kwana bai yi barci ba. Jiƙaƙƙe ya fi. Wanda ya haɗa ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa fuska ko ya ɗauki yaro.

Kada ka watsa wa kare barkono a ido. Zalunci ne, kuma wauta ce. Karen da idonsa ya rufe don zafi ba ya ganin hanyar gudu, sai ya ciji duk wanda ke kusa, wanda ke kusa kuwa galibi yaro ne.

Na uku ruwan tsamin nan na kwalba da a ke saye a kanti, wanda a ke kira binega. A gauraya shi da ruwa daidai wa daida, a jiƙa tsumma, a rataye a jikin danga ko a ajiye cikin gwangwani a bakin ƙofa. Yana da kyau a kan bango da daɓen siminti, musamman inda aka wanke fitsari. Kada a zuba shi a gindin shuka, yana ƙona ganye. Wanda ba shi da kuɗinsa ya matse lemun tsami, aikinsu kusan ɗaya ne.

Izal da ire-irensa na wanke masai suna da kaifin da kare ba ya so. In an tsarma su da ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalba, a wanke magudana da bayan gida da su, ya yi daidai. Amma guba ne in an sha, ga yaro da kare da kyanwa duka, kada a bar shi ya kwanta a wuri ɗaya kamar tafki. Kada kuma a gauraya shi da ruwan bilic, kada a zuba bilic kai tsaye a kan fitsari cikin rufaffen wuri, domin hayaƙin da ke tashi yana shaƙe ƙirji.

Tafarnuwa da albasa, waɗansu su kan ce suna kora. A ganina ba su cancanci wahalar ba. Karen da ya saba lasar tukunyar miya ba zai ji tsoron albasa ba, in kuma ya ci da yawa tana lalata masa jini.

Kada ka ɗauka ko wane kare zai gudu. Halinsu ya bambanta kamar na mutane. Wani da ya sansana ɓawon lemu sai ya juya, wani ya taka shi ya wuce. Har wa yau kare yana sabawa: warin da ya kore shi makon jiya, wannan mako ya zama ba kome ba. Saboda haka ka riƙa sauyawa, yau lemu, jibi barkono. Wari yana aiki ne a ɗan ƙaramin wuri, kamar bakin ƙofa ko gindin akurki. Ba ya tsare gona, ba ya tsare unguwa. Kakanninmu da suka so hana kare da kura tone kabari, ƙaya suka ɗora. Danga mai kyau wadda aka toshe ƙasanta da ƙaya ko duwatsu, da ƙyaure mai rufuwa a zaure, da akurkin da aka ɗaga bisa, sun fi duk abin da za ka yayyafa.

WAƊANDA BA A TAƁAWA

Akwai abubuwa uku da mu kan ga ɓarnarsu a disfansare, ina roƙonka ka bar su.

Kafur, watau fararen ƙwayoyin nan da mata ke sa wa cikin akwatin tufafi. Gaskiya ne kare ba ya son warinsa. Amma yaro yana ganinsa kamar alewa. Ga shi kuma a ƙasar nan yara da yawa, musamman maza, an haife su da wani irin jini wanda kafur ke farfasa shi. Irin wannan yaro ko bai haɗiye ba, in jariri ne aka naɗe shi cikin zanen da ya daɗe cikin kafur, sai ka ga idonsa ya yi rawaya, shawara ta kama shi, wani har ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba ka da hanyar sanin ko ɗanka yana cikinsu sai an gwada jininsa. Abin da ke da wannan hatsari cikin akwati, yaya za a barbaza shi a ƙasa?

Kananzir da fetur. Ban da gobara, akwai shan da yara ke yi, domin a kan zuba shi cikin kwalbar lemu a ajiye a bayan ƙofa. In yaro ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara da ƙarfi, domin in ya shiga huhu nan ne ɓarnar ta ke. A cire masa rigar da ta jiƙe a kawo shi asibiti.

Na uku shi ne mafi muni, watau sa guba cikin nama: fiya-fiya, ko maganin ɓera, ko maganin feshin gona. Wanda ya ajiye irin wannan nama bai san bakin da zai ɗauka ba. Kazar maƙwabci ta ci a yanka ta a dafa, karen gadin wani ya ci ya mutu a yi ta shari'a gaban mai unguwa, ko yaro ya tsinta. Kuma ba ya ƙare karnuka. Muddin juji yana nan da abinci, ka kashe biyar waɗansu biyar za su sauko daga dutse su maye gurbinsu, baƙi waɗanda ba wanda ya san lafiyarsu. In karnuka marasa ubangiji sun dami unguwa, a gaya wa mai unguwa, shi ya kai magana ga duba-gari da ofishin likitan dabbobi.

KAREN DA BA YA JIN WARI

Duk abin da na faɗa a baya, a kan lafiyayyen kare ne mai neman abinci. Mahaukacin kare ba ruwansa da lemu ko barkono. Ko wuta ka hura zai iya faɗowa. Wannan shi ne dalilin da ya sa hukumar lafiya ta damu da maganar kare tun farko.

Ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙanƙanuwa ainun, tana zaune cikin miyan dabbar da ta kamu. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. In kare ya yi cizo, ko ya yi yaƙushi, ko ya lashi wurin da fata ta tsage, ƙwayar ta shiga nama. Daga nan sai ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan ta kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya kurum, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi saurin kaiwa. Cikin wannan lokaci miki ya warke, kowa ya manta. Sa'an nan wata rana zazzaɓi ya zo, wurin tsohon cizon ya riƙa ƙaiƙayi ko zogi, mutum ya kasa haɗiye ruwa, ko ganin ruwan ma ya sa maƙogwaronsa ya shaƙe, iska in ta taɓa shi ya firgita. In aka kai nan, sai addu'a. Ba likitan da ke da maganinsa, ko a Shika, ko a Ingila.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin 100 da suka kamu, har 99 daga kare ne, kuma cikin ko wane 10 wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ba baƙon ciwo ba ne a nan: an rubuta labarinsa a jikin mutum a Nijeriya tun 1912. Duk da haka yana cikin ciwukan da a ke iya tarewa sarai, in an zo da wuri. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum allurarsa cikin 1885, wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yayyaga, yaron kuwa ya rayu.

Yaya za ka gane shi? Iri biyu ne. Akwai mai faɗa: halinsa ya sake, ya bar gida ya yi ta yawo, ya ciji itace da dutse da dabba da mutum ba dalili, muryarsa ta dushe, miyau yana dalala. Akwai kuma mai shiru, wannan shi ya fi yaudarar mutane. Ya kan kwanta a lungu, haɓarsa ta saki, bakinsa a buɗe, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya tura hannu cikin bakin don ya ciro. Kada ka sa hannu cikin bakin kare mara lafiya, ko naka ne, ko kai ka rene shi tun yana kwikwiyo. Kada kuma ka gwada shi da ruwa ka ce tun da ya sha lafiyarsa lau. Tsoron ruwa a jikin mutum a ke ganinsa, mahaukacin kare ya kan je ruwa. Dila ko wata dabbar daji in ta shigo gari da rana tsaka ba ta gudun mutane, ita ma abin tuhuma ce. Kyanwa tana kamuwa, haka jaki da saniya da akuya in an cije su.

IN KARE YA CIJI WANI

Abu na fari, kafin kuka, kafin neman mai kare, kafin neman abin hawa: ruwa da sabulu. A wanke mikin ana kwarara ruwa ana cuɗa sabulu har minti 15. Ka duba agogo ko waya, domin minti 15 ya fi tsawon yadda ka ke zato. Ko wane sabulu ya yi, na wanka, na wanki, ko sabulun salo. In babu sabulu, ruwa zalla ya fi babu. Wannan wanki yana fitar da ƙwayar cutar da yawa tun ba ta kama jijiya ba. In akwai aidin ko sifirit a gida, a shafa bayan wankin.

Barkonon nan da na ce ka zuba a gindin danga, kada ya kusanci miki. Haka toka, da ƙasa, da taba, da kananzir, da ruwan batir, da ƙonannen gashin karen da waɗansu ke shafawa. Ba ɗaya cikinsu da ke kashe ƙwayar, sai dai su ƙara lalata nama. Kada a ɗaure mikin tam, a rufe shi sako-sako da tsumma mai tsabta.

Sa'an nan a tafi asibiti ranar nan, ba gobe ba. Ku zo disfansare mu duba mu tura ku, ko ku wuce asibitin Wusasa, ko Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ka faɗa musu a fili cizon kare ne, ka tambayi allurar haukan kare. Allurar tetanas dabam ce. Ita ma ana bukatarta, amma ba ta tare haukan kare, kada ka karɓi ita kaɗai ka koma gida da murna.

Tsofaffi suna tuna allurar da, wadda a ke yi a ciki kullum har mako biyu ko uku, shi ya sa waɗansu ke gudu. An bar wannan tuni. Ta yanzu a dantse a ke yi, ƙaramin yaro kuwa a cinya, sau uku zuwa biyar gwargwadon tsarin da likita ya bi: ranar farko, da rana ta 3, da rana ta 7, in da saura ya faɗa maka ranakunsu. A cika su duka, ko miki ya warke. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska ne, akwai wata allura ta biyu da a ke yi cikin mikin kansa. Mace mai ciki da mai goyo da jariri duk ana yi musu. Wanda aka ciza tun makonni da suka wuce bai zo ba, shi ma ya zo, muddin alamu ba su fara ba. Na san allurar tana da tsada ga talaka. In ta kama a sai da akuya, a sayar, dangi kuma su taimaka.

Karen da ya yi cizo, in an san mai shi kuma ana iya kama shi ba tare da an ciji wani ba, a ɗaure shi ko a kulle, a ba shi abinci da ruwa, a lura da shi kwana 10. Kare mai ƙwayar cutar cikin miyansa ba ya wuce kwana 10 bai nuna ciwo ko ya mutu ba. Amma kada a zauna jiran kwana 10 kafin a fara allura. A fara, in karen ya cika kwanakin lafiya lau, likita ne zai ce a tsaya. In ya zama dole a kashe shi, kada a farfasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara. A sanar da likitan dabbobi, ko a kai labari asibitin dabbobi na jami'a a Samaru, domin cikin ƙwaƙwalwa a ke gwada cutar. Dabbar gida da ya ciza ita ma a nuna wa likitan dabbobi kafin a yanka ko a kai kasuwa.

Ku iyaye, ku gaya wa yaranku tun yau cewa wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, in ya faɗa ba za a doke shi ba. Yara da yawa su kan ɓoye, don an hana su zuwa gindin dutse ko tsokanar kare, sai ciwo ya tashi a ji labari. Ku koya musu kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su ɗauki kwikwiyo gaban uwarsa. In baƙon kare ya nufo yaro, kada ya ruga, gama gudu shi ke sa kare bi. Ya tsaya cik kamar itace, hannuwa a jikinsa, ya kau da ido, har karen ya sansana ya wuce. In ya kā da shi, ya dunƙule ya rufe fuska da wuya da hannuwansa.

GA MAI KARE

Ba a ce kowa ya rabu da karensa ba. Mafarauci da makiyayi da mai gona a bayan gari suna da bukatarsa. Amma wanda ya ajiye kare ya ɗauki nauyinsa. Ka ciyar da shi, ka ba shi ruwa, domin karen da ya ƙoshi a gida ba ya bin jujin mutane. Ka ɗaure shi ko ka rufe shi cikin gida lokacin da yara ke tafiya makaranta. Ka ba shi maganin tsutsa yadda likitan dabbobi ya nuna maka.

Fiye da kome, ka kai shi a yi masa allurar haukan kare da zarar ya cika wata 3, sa'an nan ko wace shekara, ka adana takardar. Ana yin wannan allura a nan ƙasar, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a can cikin 1924, kuma kuɗinta bai kai kusa da na allurar mutum ba. Masana sun tabbatar in aka yi wa kare 7 cikin ko wane 10 na gari allura, aka dinga yi shekara shekara, cutar ta kan rasa hanyar yaɗuwa. An keɓe ranar 28 ga Satumba domin tunawa da wannan ciwo a duniya duka, kuma a irin wannan lokaci likitocin dabbobi su kan fito yi wa karnuka allura, wani lokaci kyauta. In kun ji shela, ku fito da su. Sarkin mafarauta kuma ya tara mutanensa su kai nasu gaba ɗaya bayan kaka, kafin a fara fita farautar rani, gama a daji ne karnukan garuruwa dabam dabam ke haɗuwa su ciji juna.